Hancin Aukje

Yayana Harmen ba ya jin wari, ba ya jin ƙamshi. Aikin fentin jiragen ruwa a Sneek ne ya cinye masa hanci, har ta kai madara za ta lalace ya zuba a kofi ya shanye abinsa. Kuma duk abin kiwo na duniya ya rasa wanda zai zaɓa sai kwaɗi, ƙananan nan shuɗɗa da ake ajiyewa a akwatin gilashi, waɗanda kiwonsu sai mai hanci.

A cikin akwatin ake gina musu bango: a fesa kumfa mai daskarewa, a shafe ta da gam na silikon, a manna ɓawon itace da garin ɓawon kwakwa. Gam ɗin banɗaki ba ya yi, don akwai maganin fumfuna a ciki, kwaɗo kuwa da fatarsa yake shan ruwa. Sai na akwatin kifi, shi ma sai an jira warin tsaminsa ya fita tas. Nan ne matarsa Aukje take shigowa. Takan cusa kai cikin akwatin, ta ja numfashi, ta ce, "Da saura, Harmen." Haka suka tsufa, shi da hannu, ita da hanci.

Bara mantuwa ta ci ƙarfin Aukje, aka kai ta gidan kula da tsofaffi. Ba a jima ba tsohon bangon akwatin ya fara ɓanɓarewa. Harmen ya kwashe kwaɗin ya zuba a robobi, ya gina sabo, sannan ya tuna yana da ƙanwa.

Ranar farko da na sa kai, sai da hawaye ya zubo mini saboda tsami. Na ce masa da saura. Na riƙa zuwa a keke, cikin ruwa da iska, ina shanshana akwati kamar kare, har ran da ban ji komai ba sai ƙamshin ƙasa.

"Yaya, ya yi. Mayar da su."

"A dai ƙara masa lokaci, Tjitske."

"To uban me kake kirana in ba ka yarda da ni ba?"

"Ke da kike mura rani da damina? Wannan hancin naki ai na ado ne."

"Gara nawa, naka ko adon ba ya yi."

Ya yi dariya, ni kuwa raina ya ɓaci. Roba masauki ce, ba gida ba. Kwaɗin sun daina kuka, sun daina bin ƙudajen da yake zuba musu, ƙashin bayansu ya fito. Na kawo maƙwabciyarsa ta shanshana, na kawo wani abokin kiwonsa daga Leeuwarden, kowa ya ce ya yi. Harmen ya ba su kofi da biskit, ya yi godiya, ya bar kwaɗi a roba. Da safiyar wata Asabar na tarar da macen kwaɗon da ta fi yin ƙwai ta miƙe ƙafafu a kan ganye, ta mutu. Na zage shi tas, zagin da ban yi masa ba tun muna yara. 

Washegari na bi shi wajen Aukje, har lokacin ina huci. Tana zaune bakin taga. Ta gaishe shi da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa mai gyaran famfo. Sai na ga ya zaro guntun ɓawon itace daga aljihu, wanda ya yanko daga gefen sabon bangon, ya kai mata hanci. Ta lumshe ido, ta ja numfashi.

"Da saura, Harmen," in ji ta. "Kai dai gaggawa."

Daga nan ta mayar da ido kan taga, ya sake zama baƙo.

A mota na kasa yin shiru. "Yaya, ko burodi ka miƙa mata haka za ta ce."

"Na gwada burodi," ya ce. "Ci ta yi."

"Amma ka san gam ɗin ya bushe."

"Na sani mana. To in na mayar da su, na ci gaba da kai mata tana cewa da saura, ba ƙarya na yi mata ke nan ba?"

 Muna isa gida na wanke hannu, na buɗe robobin, na juye kwaɗin cikin akwatinsu ɗaya bayan ɗaya. Yana tsaye a bayana, bai hana ni ba, bai kuma taya ni ba. Na je ɗakin ajiyarsa na ɗauko ragowar gam, na matsa a kan wani ɓawon na dangwara masa a tebur.

"Ga wannan. Ranar Lahadi ka kai mata, da saura da gaske."

Kafin ƙarshen wata namijin kwaɗon ya dawo da kukansa. Ba a sake kirana shanshana ba. Sai dai yanzu duk Lahadi motar Harmen tsami take yi har idona na yaji, shi ko a jikinsa, kuma ya hana ni buɗe taga, wai kada warin ya ƙare kafin mu isa.