Birkin Kawu Istifanus

Duk wanda ya zauna a Samaru a shekarun baya ya san cewa in ka ji waƙar coci tana tahowa a guje daga bayanka, ba waiwaya ake yi ba, gefen hanya ake nema. Kawu Istifanus ne a kan kekensa, kuma keken nan ba shi da birki. Ba lalacewa ya yi ba. Ranar da ya saye shi a Sabon Gari, tun kafin ya hau, ya sa mai gyara ya kwance na gaba da na baya, ya zo da su gida ya rataye a ƙusa a bayan ƙofa. In zai tsaya sai ya miƙa ƙafar dama ya danne tayar gaba da takalminsa. Ku da kuka zo gaisuwa kun ga takalman a ƙarƙashin gado: na hagu lafiya lau, na dama kuwa ya siɗe har ana hango haske ta cikinsa.

Yayan mahaifiyata ne, masinja a jami'a har ya yi ritaya, mutum mai haƙuri a kan komai in ban da wannan magana. In ka taɓa ta, ka taɓo wa kanka wa'azi.

"Birki ɓarawo ne," in ji shi. "Ka sha wahalar hawa tudu, gumi har cikin ido, Allah ya ba ka gangara kyauta, sai ka matse wani ƙarfe ya cinye maka ita? Wanda ya hau, gangara hakkinsa ce."

Kowace Asabar yana da hanyarsa. Daga Samaru ya bi ta Bomo, ya ratsa gonaki, ya bi gefen gandun dajin nan da aka hana sare itace, inda hanya take hawa da sauka ba hutawa, sa'an nan ya zagayo ta Hanwa ya faɗa Sabon Gari shan shayi. A tsakiyar hanyar akwai wurin da muke kira Gangaren Farar Ƙasa, don nan mata suke haƙar farar ƙasar shafen ɗaki. Doguwar gangara ce mai kwana a ƙasa, ga rafi a gefe. Har yau in na yi mugun mafarki, a can nake ganin kaina.

Ina firamare ya fara ɗauka ta. Wai in sha iska. Ya ɗora ni a kariyar bayan keken, ya ce in riƙe ƙugunsa, muka kama hanya. Da farko daɗi na ji, ga tsuntsaye, ga gonakin masara. Da muka kai saman tudun sai na ji ya daina taka feda, ya gyara murya, ya ɗauko waƙa. Keken ya sunkuya. Iska ta cika min baki. Na leƙa ta gefen hannunsa, sai ga garken shanu yana tsallaka hanya daidai kwanar.

"Kawu, shanu!"

"Na gan su. Su ma sun gan ni."

"Ka tsaya!"

"A nan? Takalmin zai kama wuta, Rifkatu. Ki rufe ido ko ki buɗe, duk ɗaya ne."

Na rufe. Na yi wa Allah alkawari iri-iri da ƙarfi, har da cewa ba zan ƙara kallon nama a tukunya ba. Na ji wutsiyar saniya ta share min fuska, na ji makiyayin yana salati a bayanmu, muryarsa tana yin nisa. Da muka tsaya can gaba da rafin, na sauka na zauna daɓas a ƙasa. Kawu ya dube ni yana goge gumi.

"Ashe kin iya addu'a haka? Gobe ke za ki buɗe mana sujada."

Wata rana kuma wani jami'in hanya ya ɗaga masa hannu a gangaren Hanwa. "Baba, tsaya!" Kawu ya wuce shi fuu yana cewa, "Ina ƙoƙari, ɗana!" Sai can wajen masu sayar da rake keken ya yarda ya tsaya. Wani da ya samu wannan dama da ya yi gaba abinsa. Kawu ya juyo, ya turo keken har gaban mutumin, ya gaishe shi da aiki.

"Ina birkinka?"

Kawu ya ɗaga ƙafar dama ya nuna masa tafin takalmin.

Mutumin ya duba takalmin, ya duba furfurar Kawu, ya ce, "Baba, kana da iyali?"

"Mata ɗaya, 'ya'ya huɗu."

"To, je ka. Su zan tausaya wa, ba kai ba."

Kuma gaskiya ya faɗa. Mu muna ba da labarin muna dariya, amma matarsa, Mama Saratu, ba ta taɓa yin dariyar ba. Duk Asabar tun fitarsa take ɗauko kujera ta zauna a bakin ƙofa, tana tsince shinkafar da ta riga ta tsince. Mota in ta rage gudu a layinmu sai ta miƙe tsaye, hannu a ƙirji. Ta taɓa gaya min cewa ta ware zanen da za ta lulluɓe shi da shi ranar da za a kawo shi, ta ajiye a ƙasan akwati. Ta faɗe shi ne kamar mai maganar cefane, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Da abin ya ishe ta, ta cire birkin daga ƙusa da hannunta, ta tura keken har wurin mai gyara, ta tsaya a kansa aka ɗaura. Ta dawo ta ce wa Kawu ko ya bar shi a jiki, ko ta tafi gidan yayanta a Wusasa. Ya ga ba wasa a idonta, ya ce ya ji. "Amma ba zan taɓa shi ba. Ya zauna a matsayin baƙo."

Asabar ɗin nan akuya ta yanko masa hanya bayan Bomo. Ƙafa ta tafi aikinta kamar kullum, hannu kuma da ya ji ƙarfe a kusa sai ya damƙe. Tayar gaba ta kafe. Keken ya tsaya, Kawu bai tsaya ba. A cikin kunyar dankalin wani bawan Allah aka tsince shi, kafaɗa ta goce, haƙori ɗaya ya yi nasa wuri. Aka kawo shi a mota, yadda Mama ta daɗe tana tsoro. Ta fito tana kuka, ya ɗago kai daga kujerar baya.

"Saratu, tun kafin in aure ki nake hawa keke ban taɓa faɗuwa ba, sai da kika taimake ni."

Kafin kafaɗar ta warke birki ya koma ƙusarsa.

Abin da Mama ta kasa, ido ya yi. A shekarunsa na ƙarshe gani ya riƙa raguwa har ya zama ba ya bambanta mutum da turmi. Likita ya hana shi hawa, 'ya'yansa suka ɗaure keken da sarƙa a ɗakin ajiya. Muka ce alhamdu lillahi, yanzu hankali ya kwanta. Sai Kawu ya yi shiru. Ya daina waƙa ko a coci, abinci sai an yi da gaske, ya wuni a kujera fuskarsa tana kallon hanya. Wata Juma'a Mama ta kira ni gefe, lokacin ina koyarwa, har na yi aure.

"Rifkatu, gobe ki fitar min da shi. Ke ki tuƙa, shi ya zauna a baya. Shirun nan ya fi waccan waƙar ba ni tsoro."

Na ce na yarda, amma sai an mayar da birki. Kawu ya amsa da sauri, ba gardama. Da na san halinsa sosai da saurin nan ya isa ya gargaɗe ni.

Ban taɓa sanin tudun nan yana da tsawo haka ba sai da na hau shi da dattijo a bayana. Numfashina kamar zai tsinke, cinyoyina suna zafi, shi kuwa yana zaune yana tambaya ko masara ta yi kyau bana. Da muka kai sama na hango hanyar ta miƙe fara fat har kwanar rafi. Na damƙe birki hannu biyu, muka fara sauka a hankali, ƙarfe yana ƙara.

"Sake shi," in ji Kawu.

"Kawu, ina da yara."

"Akwai shanu?"

"Babu."

"Mota?"

"Babu."

"To sake shi, 'yata."

Ban san abin da ya shiga kaina ba. Na buɗe yatsuna. Keken ya tafi, iska ta fizge min ɗankwali, idona ya cika da hawaye. Sai muryar nan da muka yi watanni ba mu ji ba ta tashi a bayana, a shaƙe da farko, sa'an nan ta buɗe. A lokacin na lura da hannuwansa a ƙuguna. Rawa suke yi, rawa sosai. Da ina yarinya ni ce a baya, ban taɓa samun damar ji ba.

Muka sha kwanar da ikon Allah, keken ya gaji don kansa ya tsaya gaba da rafin. Na sauka ina haki.

"Kawu, hannunka rawa yake."

"Kullum haka yake yi."

"Kana nufin tsoro kake ji?"

"Tun ranar farko. Ke kin zaci waƙar ta mece ce?"

Haushi ya kama ni, na manta da girmansa. Na ce to don me ya sa ni sakin birki, alhali yau ko feda bai taka ba, ni na sha wahalar hawan ni kaɗai.

Ya laluba ya kamo hannuna. "Shi ya sa. Yau taki ce. Ina zaune in bari a cinye miki?"

Bai ƙara hawa keke ba. Damina ba ta ƙare ba ya tafi, a kan gadonsa, da rana tsaka, Mama tana gefensa tana yi masa fifita. Ta buɗe akwati ta ɗauko zanen nan ta lulluɓe shi, ta ce ta gode wa Allah da ba a kan hanya ta shimfiɗa shi ba. Birkin kuwa ta sa aka sake kwance shi, ta mayar a ƙusa da kanta.

Kawu, ka ba mu tsoro iya tsoro, kuma muna kewarka. Ka sha hawa a duniyar nan. Ubangiji ya gafarta maka, ya karɓe ka da hannunsa, ya ba ka hutawa inda babu abin da zai sa hannunka rawa. Ya ta'azantar da Mama Saratu, wadda har yanzu takan fito da kujerarta ranar Asabar. Amin.