Atisayen Yaya Rahila a Ɗakin Tiyata

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayata Rahila, amma har yau in hadari ya haɗo daga wajen Dirin Daji, ita nake fara tunawa.

'Yar soja ce, kuma ba ta bar halin barikin soja a gida ba. A shekarun da aka shiga dubu biyu ita ce babbar nas ta ɗakin tiyata a wani asibiti nan Zuru. Duk gabatowar damina sai ta zaɓi safiyar da babu mara lafiya a kan tebur, ta kashe wuta ba sanarwa, ta ce, "To, rufi ya tafi, janareta ya ƙi tashi. Mi za ku yi?" Wannan ya ɗauki tocila, wancan ya ja tamfol, wata ta kama robar hura numfashi tana matsawa har hannu ya sage. Ma'aikatan suka laƙaba mata Saje, suna ƙorafin ko noman golmo da samari ke yi wa surukai bai kai wannan wahala ba. Ni ma na sha tsokanarta, ina tambaya yaushe za a ƙara mata igiya.

Sai ga ranar da aka shiga da matata Saratu, haihuwa ta gagara sai an yi aiki. Da la'asar iska ta taso, ta yaye kwanon rufin kamar murfin tukunya, wuta ta ɗauke. Ina baranda ina jira. Abin da ya fi ba ni tsoro, ban ji ihu ko gudu daga ciki ba. Ashe kowa ya riga ya kama abin da ya saba kamawa, likita kuma bai ɗaga kai ba. Ƙarƙashin tamfol, da hasken tocila, aka ciro 'yata, uwarta ma ta rayu.

Yaya ta fito sharkaf, ta dube ni ta ce, "Bitrus, sai ka sara wa Saje." Na ƙame na sara, ina kuka ba kunya.

Yanzu an jera sola a kan rufin, an samu ɗakin kulawa ta musamman. Na san za ta yi murna, sannan ta tambaya, in iska ta kwashe solar fa? Ina kewarta ƙwarai, amma tambayar ba ta bi ta kabari ba. 'Yar tawa da aka ciro ranar, Rahila ƙarama, tana koyon aikin jinya. Da aka tura ta ɗakin tiyata, ran farko ta tambayi inda ake ajiye tocila.