Kaskon Dona Zulmira

Ka taɓa ganin 'yar da ta dubi kaskon da ya raine ta, ta ce na shaiɗan ne? Dona Zulmira ta gani, a unguwar Liberdade ta birnin Salvador.

Tun tana budurwa take tuyar ƙosai a kwanar titi ɗaya, cikin farar riga da farin ɗankwali, inda uwarta ta zauna. Da kanta take surfa wake, ta buga ƙullu da hannu har ya tashi, ta soya da manja. Kafin ta sallami kowa, sai ta soya ƙanana uku ta ajiye a gefen titi, rabon Iyansan, abar bauta, uwar iska da tsawa, wadda ƙosan nata ne tun kakanni. Kaskon nan ya gina ɗaki biyu, ya kai yara huɗu makaranta.

Da ciwon gwiwa ya kwantar da ita, ta bar wa autarta Jucilene wurin. Ran da ta samu sauƙi ta lallaɓo dubawa. Ba farar riga, ba ukun gefen titi. Ƙullun ma daskararre ne na kanti, cikin leda. Ga allo a sama: Ƙosan Yesu.

"Ke Jucilene, ina rabon mai abu?"

"Mama, rage murya, ga Turawa a layi, ba sa son jira. Fasto ya ce ciyar da aljanu ne."

"Aljanu? Aljanun ne suka saya miki takalmin zuwa cocin, mara kunya! Ni ma ina zuwa coci, ban taɓa jin Yesu ya ƙwace ƙosan wani ba."

Ta ɗauki ɗaya ta fasa. Cikinsa cunkus, ya sha mai sharkaf. Ta ajiye shi, ta dubi Jucilene.

"Soya uku ki ajiye, yanzu, ina kallo."

"Ba zan ajiye ba, Mama. Ko za ki tsine min."

Zulmira ba ta tsine ba. Fizge ludayin ta yi, ta sauke allon ta danna mata a ƙirji.

Yau tana nan a kwanarta, ƙafa miƙe kan akwati, tana buga ƙullu da haushi, ba magajiya. Jucilene kuwa na tuya a ƙofar coci, titi biyu tsakani. Cin abincin Lahadi tare ya mutu.

In ka bi ta Liberdade, sayi ɗaya a nan, ɗaya a can, ka fasa su biyun ka duba cikinsu. Gwada, don Allah, amma kar Zulmira ta ga na Jucilene a hannun hagunka.