Ƙwan Batir Biyu a Tocila Mai Batir Uku

Da albashina na farko, shekarar da aka tura ni koyarwa a firamare a Tiga, na shiga Kano na sayo tocila. Doguwa ce mai batir uku, jikinta sai ƙyalli. Ko da rana tsaka ina rataye da ita a kafaɗa.

Maƙwabcina masunci ne, ya ba ni shekara goma. Shi ma yana da tocila mai batir uku, tsohuwa, duk ta lotse, an naɗe gindinta da robar tayar keke. Wata safiya a teburin mai shayi ya ɗauki tawa, ya jujjuya, ya ajiye.

"Malam, kyau kam akwai," in ji shi. "Haske kuwa sai tawa."

Mako guda muka yi muna musu, har mai shayi ya gaji da mu. Ya ce mu tafi Ƙafin Maiyaki ranar kasuwa, akwai wani dattijo mai gyaran rediyo da tocila, shi zai raba gardama. Ya kuma kafa sharaɗi: in na yi nasara, masunci ya ba ni tarwaɗa mafi girma a kamunsa; in na faɗi, in ɗauko masa kwandon kifi a ka daga bakin dam har gida. Muka amince.

Gaskiya tsoro ya kama ni, don na taɓa ganin hasken tasa, na san ba wasa ba ne. Sai na tuna wani abu da aka koya mana a kwalejin horon malamai: in ka sa ƙwan da aka yi domin batir biyu a tocila mai batir uku, wutar ta fi ƙarfinsa, haskensa sai ya ninka. Na sayi irin wannan ƙwai a ɓoye na sauya, ban ko kunna ba don kada ya gaji.

Ranar kasuwa muka hau a-kori-kura. Mun tarar da dattijon a rumfarsa, da tabarau ɗaure da zare, gabansa gwangwanayen madara uku cike da ƙwan tocila, kowane iri da nasa. Muka durƙusa muka gaishe shi, muka faɗi abin da ke tafe da mu. Bai yi dariya ba ko kaɗan. Ya ce ba a shari'ar haske a gaban rana, ya ɗauko sababbin batura shida daga kwali ɗaya, ya raba mana uku-uku. Akwai wani dattijon Bafulatani da ya zo sayen ƙwan tocila, mai gyara ya roƙe shi ya zama alƙali tunda bai san kowa cikinmu ba.

Mai gyara ya kai mu wani siton hatsi bayan rumfar, ya rataya farin buhu a bango, ya ja ƙofa. Duhu ya rufe mu, ga ƙamshin dawa.

"Bismillah, ku kunna."

Hasken tocilar masunci ya sauka a buhun, zagaye sumul, da ɗan ruwan ɗorawa. Nawa kuwa fari fat, har ana ganin saƙar buhun zare-zare.

"Kai!" in ji Bafulatanin. "Wannan ko kura ta gani sai ta koma. Na malam ya ci."

Ina shirin kashewa sai mai gyara ya ce, "Riƙe ta haka, Malam, kada ka kashe." Ya juya wajen alƙalin. "Baffa, ai ba mu gaisa sosai ba. Ya shanu? Ya ruga? Ciyawa ta fito wajen Doguwa kuwa?"

Baffa ya shiga ba da labari a tsanake. Sun gama shanu sun koma tumaki, sai tocilata ta yi wani wal, ta ɗauke. Ta masunci na nan tana haskenta, ko gezau.

Mai gyara ya buɗe ƙofa, ya karɓi tocilar, ya kwance kanta, ya ɗaga ƙwan sama. Cikin gilashin ya yi baƙi.

"Tun da ka kunna na gane," ya ce. "Ƙwan da ke cin abincin da ya dace da shi, haskensa da ɗan ja-ja yake fita. In ka ga ya yi jawur kamar garwashi, wuta ta yi masa kaɗan. In ya yi fari irin wannan, an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Ga lamba ma a wuyansa, kai da ka yi boko sai ka karanta mana."

Ban karanta ba. Masunci ya yi dariya har ya zauna a kan buhu, Baffa kuma ya ce ya janye hukuncinsa.

Mai gyara ya zaro ƙwai daga gwangwani na tsakiya ya sa mini, ya kankare bakin ƙarfen da ke taɓa batir, ya murza kan tocilar a hankali har hasken ya taru wuri ɗaya. Aka sake gwadawa. Tawa ta matso ƙwarai, amma ta masunci ta ɗan fi. Ashe kullum yana goge madubin cikinta da tsohon ɗankwalin matarsa, ni ko ban taɓa buɗe tawa don gogewa ba.

Masunci ya yi mini adalci, ya zaɓi Asabar don kada 'yan ajina su gani. Sai dai ya manta ranar ce suke zuwa wanki bakin dam. Na taho da kwando a ka, ruwan kifi na ɗiga a wuyan rigata, yara kusan ashirin suna biye da ni suna "Sannu da aiki, Malam!" Da muka isa gida ya tsame tarwaɗa babba daga ciki, ya ba matarsa ta yi farfesu, muka ci tare a zaurensa.