Iya Asta da Duwatsun Murhun Kasuwarmu

Kafin motar farko ta iso daga Gashua, Iya Asta ta gama share layin masu kifi ta shiga na masu gero. Shekara talatin da huɗu ke nan tana haka, duk ranar kasuwa, a ɗan garinmu da ke kan hanyar Nguru. Mu kuwa sai mu zo mu baza kaya a wuri fes, ko sannu ba ma ce mata. Wallahi abin da kunya.

Tana shara tana surutu. Ita za ta nuna maka inda raƙuma ke durƙusawa da buhunan ƙaro, zamanin da jirgin ƙasa ke tashi daga Nguru maƙil da kaya, ta gaya maka wadda ta fara suyar ƙosai a gindin tsamiya. Mu kuwa mun ɗauka tsufa ne kawai.

Sai bara kogi ya yi ambaliya, ruwa ya kwana arba'in a cikin kasuwa. Da ya janye, ba rumfa ba turke, sai laka shimfiɗe. Wurin zama a kasuwarmu kuwa ba shi da takarda, inda uwarki ta zauna nan za ki zauna. Shugaban kasuwa, Alhaji Mustapha, ya kawo igiya a sake rabo. Igiyar nan ta jefa Yagana mai bandar kifi can bakin juji, inda mai saye ba ya leƙawa. Marayu huɗu take ciyarwa da kifin nan.

"Alhaji, nan uwata ta zauna," in ji Yagana, tana hawaye, tana nuna wurinta na da.

"Ina shaida, baiwar Allah?"

Sai ga Iya Asta ta ratso taro, tsintsiya a hammata. Ta dangwala ƙafa a laka.

"Alhaji, ajiye igiyar nan. A tona nan."

"Haba Iya, me za a samu a laka?"

"Murhun uwarta. Duwatsu uku, ɗaya mai tsaga. Shekara talatin tsintsiyata na karo da su, ni za a gaya wa?"

Aka kawo fartanya. Duwatsu uku, ɗaya mai tsaga! Mudi mahauci, da aka yi a gabansa, ya ce Alhaji salati ya kama yi, ya naɗe igiyarsa da kansa. Ranar nan kasuwa duka bayan tsohuwar nan ta bi. Tana nunawa ana tonawa: nan guntun turmin da matan Fulani ke ɗora ƙwaryar nono, can kututturen masu albasa. Kafin la'asar kowa ya koma wurinsa.

Iya Asta, ke ce takardar da ba mu rubuta ba. Ke kika riƙe mana garinmu a ka, muna miki kallon mai shara. Yanzu ciwon baya ya zaunar da ke, mun zo da godiya, ko da mun makara. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiya.

Ku kuma 'yan gari, ku riƙe aikinku kamar yadda ta riƙe nata, ku zauna kusa da tsofaffinku tun suna magana.

Yagana dai ta riga mu. Kasuwar da ta wuce, ita ta fito da tsintsiya tun da safe, Iya Asta na zaune a kujera tana binta da baki.

"A hankali, 'yar nan. Akwai dutse a gabanki. Tsaya in gaya miki na wace ce."