Kukan da na tarar a gidan jego

Ina sauka daga kabu-kabu a Zariya, sai na jiyo kukan mata daga gidan ɗana. Shekaranjiya matarsa ta haifa mini jikan fari, na taso daga Tsibiri da zabi biyu na mai jego.

Na yar da zabin, na shiga ina salati.

Na tarar da matata, da mai jego, da maƙwabta sun yi cirko-cirko a ɗaki, kowa na sharɓar hawaye.

Na ce, "Hajiya, yaushe ya cika?"

Ta ce, "Yanzun nan, Malam. Tun damina muke bin shi, sai yau da ya gane uwarsa suka kashe mana shi!"

"Su wa? Jaririn?"

"Wane jariri? Ga shi can yana barci. Matsa, ka tare mana talabijin!"

Na ɗauki jikana na duba shi. Lafiya lau, alhamdulillahi!

Jama'a, don Allah ku gaya mana wani fim mai dogon zango da ba a mutuwa a ciki, kada masu zuwa suna su iso da ta'aziyya.