Jar Ledar da Auta Ta Kawo

Shekarar da aka yi wa Baba aiki a ciki, bakinsa mutuwa ya yi. Da aka sallamo mu muka dawo gidanmu na unguwar Kurayyat a Jidda, likita ya ce magani ya gama nasa, saura abinci. In tsohon nan bai ci ba, ƙafarsa ba za ta sake kai shi masallaci ba. Ni ce 'yarsa ta fari, ni nake zaune da shi tun rasuwar Inna da ta maigidana, don haka maganar a kaina ta sauka.

Babu abin da ban dafa ba. Tuwon shinkafa miyar kuka da man shanu, farfesun kan rago, kunun gyaɗa, har daddawar da 'yan umara suka kawo mana daga Damagaram na ƙarar a kansa. Sai ya ɗan taɓa, ya ture kwano, ya ce, “Ɗauke.”

Wata Juma'a sai ga autarmu. Ita a Jidda aka haife ta, Hausarta rabi Larabci ce. Tana aure a unguwar Bagdadiyya, mijinta direban wasu 'yan Koriya ne masu aikin tace ruwan teku. Yarinyar da in ta kama muciya sai ka tausaya wa tukunya! Ta shigo tana zuba ƙamshi, ta zaro wata jar leda daga jaka.

“Yaya, ara min tukunya. Taliyar Koriya ce, wallahi tana buɗe baki.”

“Tuwona bai buɗe ba sai abin leda? Kin ma san me ke ciki?”

Ta juya ledar ta nuna min 'yar takardar Larabci da aka manna, an rubuta halal. “Halas, shi ke nan, Yaya? Yalla, miƙo tukunya.”

Na bar mata kicin na koma tsakar gida, ina jiran a kira ni in ɗauke kwano. Kafin in gama tsintar shinkafa har ta fito da abu tsamo-tsamo, ja wur, yaji na tashi. Baba ya kurɓi romon. Ya yi tari, ya sake kurɓa. Gumi ya karyo masa, ya cire hula ya ajiye, ya kama taliyar nan yana zuƙa kamar ba shi ba. Da ya gama har kwanon ya ɗaga ya kafa kai.

“Allah ya yi miki albarka, auta. Allah ya ba ki masu yi miki.”

Na ce amin, amma a leɓe ta tsaya. Baba mutumin dā ne, masu kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunana ba, daga “ke” sai “wannan”, kuma bai taɓa yaba min a ido ba. Da haka na tashi, ban ɗauke shi komai ba. Amma ranar, ina tsaye da hannu duk ƙunar mai, na ji an zuba wa ruwan zafi da leda albarkar da tuwona bai taɓa samu ba. Kishi ya kama ni. Kishin ƙanwata, wadda na goya a bayana.

Ta bar mana leda guda ta tafi. Washegari na ce bari in nuna musu yadda ake girki. Na dafa, na tace ruwan na zubar kamar yadda kowace mace mai hankali take yi wa taliya, na soya da albasa da man gyaɗa. Baba ya leƙa kwanon.

“Ina romon?”

“Na tace, Baba.”

“To, a jira yarinyar nan ta zo.”

A jira! Ita da ba ta zuwa sai Juma'a. Ga shi ya koma daga shayi sai ruwa, wuyan rigarsa na ƙara masa faɗi. Tsoro na cina, haushi na cina. Da in ɗaga waya in tambayi auta yadda ake yi, gara in sha ruwan tekun da 'yan Koriyar ba su tace ba.

Wata maƙwabciyarmu 'yar Chadi mai aikin gidaje ta kwatanta min wata baƙala, wato kanti, a Bagdadiyya inda mutanen Asiya ke sayayya. Na ja niƙabi na tafi, ina waige-waige kada in yi kiciɓis da auta a unguwarta. Duk ledar da na ga takardar Larabci a bayanta na ɗauko. In Baba ya kwanta ƙailula sai in rufe kicin in ɗora tukunya.

Na fara da wata baƙa. Tunda na koyi darasi, ban tace ba. Ashe ita ce ake tacewa! Ta fito baƙi ƙirin, salam, ga wani zaƙi-zaƙi marar dalili. Mai leda launin ruwan lemo kuma ƙarnin teku ne da ita, da wani baƙin ganye a ciki kamar guntun fata. Baba da ko kifin Jidda bai yarda da shi ba, ina zai kai wannan? Akwai mai tsami, kamar kabejin da ya kwana, ita na ɗan ji daɗinta, amma na san cikinsa ba zai ɗauka ba. Sai jar, irin ta auta. Gaskiya ɗaya ce, ko ba na so: ta fi. Kauri gare ta da danƙo, ba kamar siririyar nan ta Indonesiya da yara ke ci ba, kuma yajinta ba ya tsayawa a harshe, har hanci yake hawa. Na zauna a kan turmi ina ci, ina share majina, ina tsaki.

Kwanaki na yi ina fama da ita. In ta daɗe a wuta ta saki, in ruwa ya yi yawa ta mutu. Na gano rabin garin yajin da ke cikin ledar ya ishi tsoho. Na ɗan marmasa daddawa a ciki, na fasa ƙwai ban juya ba, na sauke tana da sauran ƙarfi. Na kai masa bayan la'asar, na koma bakin ƙofa na tsaya.

Ya ci. Ya cinye tas, ya shanye romon, ya yi gyatsa ya yi hamdala. Sannan ya shafa gemu.

“Allah ya yi wa auta albarka, ita ta koya mana abin nan.”

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba.

“Baba, ni na dafa! Ni na je har Bagdadiyya, ni na ƙona harshe. Auta tana gidanta a ƙarƙashin na'urar sanyi!”

Bai dube ni ba. Ya ɗauki hularsa yana juya ta a hannu.

“Wa ya ce ban sani ba? Ta yarinyar nan akwai daddawa ne?”

“To ni fa?”

Ya kafa hular a kansa. Can ya ce da bango, ba da ni ba, “Ke ai ba a yi miki a gabanki.”

Na ɗauki kwanon na fita, na daɗe a kicin ban wanke shi ba.

Baba ya warke, ya koma masallaci da ƙafarsa, ya ƙara shekaru tare da mu. Bayan rasuwarsa abokansa na sahu suka zo gaisuwa, kowa na ce min kullum sunana na bakinsa bayan sallah, yana sa min albarka. Na yarda, ba za su yi min ƙarya ba. Amma su suka ji. Auta kuwa da kunnenta ta ji nata, tana zaune a gabansa, kuma har yau ina kishinta a kan wannan.